Haƙorin Da Ba A Jefa Kan Rufi Ba

Shekarar da 'yata ta fari ta fara famfara, ina ɗauke da cikin na biyu, kuma tsakanina da mahaifiyata babu komai sai gaisuwa. Gaisuwar ma ta bakin ƙofa ce, ina tsaye, mayafi a kafaɗa. Ni na jawo hakan da bakina, kuma zan faɗi yadda aka yi.

Ni tela ce. Shagona yana bakin babbar kasuwar Garuwa, a layin masu ɗinki, gidanmu kuma a unguwar Hausare, lungu biyu tsakaninmu da gidan Inna. In an tashi daga lekol, wato makaranta, gidan Inna yarinyar take wucewa, ta ci abinci, ta yi barcinta, sai na rufe shago in biya in ɗauke ta. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa tun tana tsumma suke manne da juna.

Yarinya ce marar hayaniya, har ina yi wa mutane alfahari da hakan. Sai ranar da malamarsu ta aiko a kira ni. Ta ce ita fa ta rasa gane kan 'yata: yau za ta koyi harafi, ta rubuta shi tsaf, gobe ta zauna tana kallonsa kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Ni da ba a taɓa ni in yi shiru, na wanke matar nan tas da ɗan Faransancina na kasuwa. Na ce yara sun yi mata yawa a aji ne, ta nemi wanda za ta ɗora wa laifi. Na fito ina huci. Amma a hanya na tuna sau nawa nake aiken yarinyar ta ɗauko mini almakashi, ta je ta tsaya a tsakar ɗaki, ta dawo hannu biyu tana tambayata me na ce. Na tuna ciwon cikinta da ba ya wata guda bai tashi ba. Gabana ya faɗi, kuma tun daga ranar bai koma daidai ba.

Muka kai ta asibiti ni da maigida. Likitar wata mata ce 'yar kudu, mai haƙuri. Ta ce jinin yarinyar ya yi ƙasa, ta ba da magani, ta kuma ɗebi wani jinin ta ce sai an aika Yawunde. Da sakamako ya dawo ta kira mu ofis ta rufe ƙofa. Ta faɗi wata kalma da ban gane ba, maigida ya juyo ya ce mini, “Dalma take nufi. Irin wadda masunta ke ɗaura wa taru a Binuwai don ya nutse.” Shi dillalin shanu ne, a bakin kogi yake yini, ba abin da bai sani ba a can.

Na ce, “Dalma kuma? A jinin mutum?”

Likita ta shiga tambayoyi. Akwai mai fasa tsohon batir kusa da gidanmu? Babu. Fentin bango yana ɓarewa? Kaɗan. Yarinyar tana cin ƙasa? Nan na ji haushi, na ce 'yata ba akuya ba ce, ba ta taɓa ba. Sai ta sa babban yatsa ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, ta duba yatsan, ga shi baƙi ƙirin. Ta tambaya mene ne wannan, na ce kwalli ne. Ta girgiza kai. Ta ce da yawa daga duwatsun da ake niƙa kwalli da su, dalma ce zalla. Ta ƙara da cewa jini labarin 'yan watannin baya kawai yake bayarwa, ba zai nuna tun yaushe abin ya fara ba. Sannan ta kalli cikina, lokacin wata uku ne, ta ce, “Madam, ku nemo inda yake shigowa kafin wannan ya iso.”

Wannan maganar ce ta hau kaina ta zauna. Babba ta riga ta ji ciwo, ga wani yana tafe, kuma ban san ta wace ƙofa gubar take shigo mana gida ba. Ko kuwa in ce na ɗauka na sani.

Inna mai kwalli ce. Kwalli, lalle, turaren wuta, su take sayarwa a cikin ɗakinta tun ina goye, kamar yadda uwarta ta yi. Kakanta ne ya taso daga Kano da jakuna ya zauna a garin nan, sana'ar kuma ta bi mata har ta iso hannunta. Ita take niƙa dutsen da kanta, ta tankaɗe da ƙyalle, ta zuba a tandu. Duk jaririn da aka haifa a lungunmu, ita ake kira ta sa masa kwallin fari. 'Yata kuwa tun wankan farko take rambaɗa mata shi, kullum, wai idon takwararta ba zai zauna fari fat kamar na marar gata ba.

Daga asibiti na hau moto, babur ɗin haya, ni kaɗai, ban ko tsaya jiran maigida ba. Na tarar da mata uku a ɗakin Inna suna zaɓen turare. Ban jira sun fita ba, wallahi ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce, “Inna, kin kashe mini ƙwaƙwalwar 'ya. Wannan abin da kike niƙawa guba ne. Shekara shida kina ɗura mata guba a ido!”

 Ni ce 'yar fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika kallon tsakiyar idona ba. Ranar ta kalle ni. Ta ce, “Ke da me na rene ki?” Shi ke nan abin da ta faɗa. Ta jawo faifai ta rufe kwanon tanduna. Matan suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin la'asar maganar ta gama zaga Hausare.

Na koma shago. Na jawo aljihun keken ɗinki na gutsiri kalaba na jefa a baki don zuciyata ta kwanta. Kalaba ita ce farar ƙasar nan gasasshiya da matan kudu ke kawowa kasuwa, mai ƙamshin sabon tulu. Kusan duk mai ciki a layinmu tana da ita a ɗaure a wani wuri, don tana tsayar da tashin zuciya da tsinkewar yawu. Ni tawa tana zaune ne tare da zare da allurai.

Ranar Juma'a ƙanina ya kira. Shi ne autan Inna. Ya yi karatun duwatsu a Ngawundare, daga nan ya wuce Faransa, yana aiki a wani ɗakin bincike. Mun daɗe muna yi masa tsiya, wai ya bar duk duwatsun da ke hanyar Mora ya tafi neman na Turawa. Labari ya riga ya kai masa, ya fara da, “Yaya, me ya haɗa ki da Inna?” Na ce kada ya soma, in goyon bayanta ya kira ya yi, ya kashe wayarsa.

Ya ce ba goyon baya ba ne. Ya ce zato nake yi, likita ma zato take yi, kuma akwai hanyar da za a rage zaton. Ya tambaye ni ko yarinyar ta fara famfara. Na ce na gaba na ƙasa yana girgiɗa.

“To ki adana mini shi in ya faɗi. Haƙori ba lokaci ɗaya yake ginuwa ba, Yaya. Ɓawo-ɓawo ne kamar albasa, yau a shimfiɗa kaɗan, gobe a ƙara. Haƙoran nono tun yaro yana ciki suke farawa, wajen wata na huɗu. Duk abin da ke yawo a jini a ranar, yana shiga shimfiɗar ranar ya zauna, ba ya fita. Har ranar haihuwa tana barin layinta a ciki.”

Na ce, “Kai malamin duwatsu, yanzu haƙorin ma ka mai da shi dutse?”

Ya yi dariya, ya ce ai kusan dutse ne. Ya ce a wurin aikinsu akwai na'urar da suke auna duwatsu da ita, da ƙasa, da ɓawon katantanwa, kuma wata abokiyar aikinsa haƙora take aunawa. Za a raba haƙorin biyu a tsaye, a goge fuskar ta yi santsi, a sa shi cikin wani ɗan akwati. Sai a saki wani haske mai ƙuna, leza suke kiransa, wanda bakinsa bai kai kaurin gashin kai ba. Hasken zai riƙa huda 'yan ramuka a jere, daga shimfiɗar farko zuwa ta ƙarshe. Ɗan burbuɗin da ke tashi daga kowane rami, iska za ta kwashe shi ta kai cikin wata wuta mai tsananin zafi, ya wargaje. Daga nan na'urar ta tantance abin da ke ciki gwargwadon nauyinsa, kowane ƙarfe a nasa gefen, ta ƙirga. Ko dalmar ba ta fi ƙwayar gishiri a cikin randa ba, za ta gan ta, ta kuma nuna a wace shimfiɗa take.

Ban gane rabin bayanin ba, amma na riƙe abu ɗaya: haƙorin zai faɗi lokacin da gubar ta fara shiga. A raina na ce ai sai ya faɗa, ranar wankan farko ce. Ina son shaida, kuma ba zan ɓoye ba, ina son a ce ni ce da gaskiya.

Na gaya wa maigida a adana haƙori, na gaya wa yarinyar. Inna ce kaɗai ban gaya wa ba, tunda ba ma magana. Yarinyar kuwa ba ta daina zuwa can bayan lekol ba, don ba ni da inda zan kai ta. Maigida kawai na aika ya ce a daina sa mata kwalli, aka kuma daina.

Ran nan na je ɗaukarta, ta fito da gudu, hannu a kan baki. Ta matso kunnena ta ce, “Ya fita! Ina shan rake ya fita. Kaka ta ce in rufe bakina kada ƙadangare ya ga wawulo.”

Na ce, “Ina haƙorin?”

Ta nuna sama. Inna ta yi mata yadda aka yi mana duka muna yara: ta tsayar da ita a tsakar gida, ta ce ta wurga shi kan rufi don sabo ya fito da kyau. Yarinyar da ba ta riƙe saƙon almakashi, yaya za a yi ta riƙe nawa?

Na shiga uku! Na tsaya a tsakar gidan da aka haife ni ina ɗaga murya, har na ce da gangan aka yi don a ɓatar da shaida. Alhali baiwar Allah ba ta ma san ana neman haƙorin ba. Ba ta fito daga ɗaki ba.

Washegari maigida ya aro tsani ya hau. Watan zafi ne, irin zafin Garuwa da kwano ke gasa tafin hannu tun hantsi. Ya naɗe hannuwansa da tsumma yana rarrafe a kai, ni ina ƙasa ina ba shi umarni, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Ya jeho tsohon silifas, ya jeho ƙwallayen mangwaro. Can a gindin bulon da aka danne kwanon da shi, ya tono wani abu ya sauko yana zufa. Ya buɗe hannu: haƙora uku. Ƙanana, sun yi ja, ba mai iya cewa wanne ne na wa. Shekara talatin da wani abu yaran gidan nan suna wurga haƙora kan rufin.

Na ɗauki hotonsu na aika wa ƙanina. Ya yi dariya har da tari, ya ce wataƙila ɗaya nasa ne, ɗaya nawa. Da ya ji ban taya shi ba, ya nutsu ya ce ba za su yi ba, dole sai wanda aka tabbatar nata ne. A jira na kusa da shi.

Jiran nan ya ci ni. Kowace safiya kafin ta tafi lekol sai na ce ta buɗe baki, in sa yatsa in taɓa. Wata rana na ɗan matsa da ƙarfi, ta yi ƙara. Daga nan ta fara guduna, in ta hango ni sai ta datse leɓe. Cikina yana girma, ɗan ciki ya fara motsi, duk motsin da ya yi sai in ji kamar tambayata yake yi ko na gano. Na canza tukwanen girki, na sa an kankare fentin ɗaki, na daina sa kwalli ni ma, har abokan layi suna tambayata ko ba ni da lafiya. Na ɓata wa wata amarya leshi, na yanka hannun riga biyu duk na dama. Abinci ba ya shiga, sai kalaba. A da ƙulli ɗaya yana yi mini sati, ya koma kwana biyu.

Wata safiya ina kan keke, inuwa ta rufe ƙofar shago. Na ɗaga kai, Inna ce. Inna da rabonta da kasuwa tun rasuwar Baba. Ta tsaya daga waje, ta kwance bakin mayafinta a hankali, ta miƙo mini. Haƙori ne, fari, da ɗan jini a gindinsa.

Ta ce, “Auta ya yi mini bayani a waya. Jiya ya fita. Ta yi ta kuka wai in ba a jefa ba sabo ba zai fito ba, na ce mata ni na ɗauki nauyin wannan.” Ta sake kwance wani ƙullin, ta ajiye gutsuren dutsen kwalli a kan teburin yanka, yana ƙyalli. “Ki haɗa masa da wannan. In ni ce, gara in sani kafin na cikin ya iso.”

Na karɓa. Kunya ta kama ni, amma girman kai ya fi ta ƙarfi. Ban ce ta shigo ta zauna ba. Na ce, “To,” ta juya ta tafi.

Ƙanina ya ce in haɗo da duk abin da ke shiga bakin yarinyar ko idonta. Na ƙulla kanwa, na ƙulla ɓawon fenti, da ƙasar tsakar gida, da ɗan ɓallin tsohuwar tukunya, kowanne a ledarsa da rubutu. Ambulan ɗin ma daga aljihun keke na ɗauko shi, sai da na ture ƙullin kalaba gefe. Ko kaɗan ba ta zo mini a rai ba. Ai yarinyar ba ta taɓa ci ba, haka na gaya wa likita, kuma gaskiya na faɗa.

Saƙon ya bi mota zuwa Ngawundare, ya bi jirgin ƙasa zuwa Yawunde, wani abokin ƙanina ya wuce da shi. Sati bakwai muka yi muna jira. Damina ta sauka, Binuwai ta cika. A lungunmu an haifi jarirai biyu, ba wanda ya aika a kira Inna. Na ji labari, na yi kamar ban ji ba.

Ranar wata Talata da azahar ya kira, kiran da ake ganin juna. Ina shago ni kaɗai, cikina wata bakwai. Ya ce in duba hoton da ya turo. Rabin haƙorin 'yata ne, an ƙara girmansa har ya cika waya, ga 'yan ɗigo-ɗigo a jere a jikinsa kamar sawun allurar keke in babu zare. A ƙasa an zana wani layi mai hawa da sauka.

Ya ce, “Kin ga jan layin da ya raba zanen biyu? Ranar haihuwarta ke nan. Dama da shi bayan an haife ta ne. Kin ga 'yan tudun nan? Dalma ce. Dutsen Inna kuma mun auna shi, cike yake da ita. Dole a bar kwallin nan, kada a sa wa kowa.”

Na buga cinya na ce, “Na faɗa! Ban faɗa ba? Kowa ya mai da ni marar kunya, to ga shi!”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Yaya, tsaya. Duba hagu.”

Na duba. A hagun jan layin, zanen ya miƙe ya hau sama har ya kusa fita daga hoton. Tudun dama duk sun zama 'yan yara a gabansa.

“Wannan kafin a haife ta ne,” ya ce. “Watannin ƙarshe na ciki. Inna ba ta ko gan ta ba tukuna. Ta jininki ta shiga.” Ya ce na'urar lokaci take nunawa, ba ta faɗin sunan abin da ya kawo. Ya ce wani kaso yana iya fitowa daga ƙashin uwa, in ta tara tun tana yarinya. Amma wannan hawan ya yi yawa, ya fi kama da abin da ake ci kullum. Kanwa ba ta da laifi, tukunya ma haka. “Ki tuna da kyau. Me kike ci a cikin nan? Wani jiƙo? Wani maganin gargajiya?”

Na buɗe baki zan ce babu. Sai ya matso da fuskarsa kusa da waya. Ya ce, “Mene ne wannan fari a leɓenki?”

Kalaba ce, tana cikin kumatuna a lokacin. Tun da wayar ta yi ƙara na jefa babban gutsure don in iya sauraro.

Ban san sanda na saki wayar ba. Na fita bakin kwata na tofar, na sa yatsa ina kankare harshe, na kuskure baki da ruwan buta har ya ƙare, maƙwabciyata tana ta tambayata da Fulatanci ko lafiya. Na koma na zauna a ƙasa, na ɗora hannu a ciki ina lissafi da yatsu. Ya ce haƙora suna farawa a wata na huɗu. Ina na bakwai. Wata uku ke nan ana shimfiɗa wa wannan ma, kuma a cikin wata ukun nan na ci fiye da duk abin da na ci a cikin yayarsa, saboda tsoron da nake yi masa. Na tsorata irin tsoron da ban taɓa yi ba, na kuma tsani kaina.

Daga baya na aika masa kalabar, ya auna, ya ce akwai dalma a cikinta sosai. Amma ban jira wannan ba. A ranar na koma wurin likita, ta ɗebi jinina, ta rubuta mini magunguna da abin da zan riƙa ci, ta ce abin da ya shiga ya shiga, a tsare na gaba. Daga can na wuce gidan Inna, a ƙasa, don ina jin kamar ban cancanci hawa moto ba.

Na tarar da ita tana tsintar shinkafa, takwararta tana barci a gefenta. Na durƙusa da ƙyar saboda ciki, na gaya mata komai, ban rage ba. Na ce ni ce. Na ce tun kafin ta ɗora ido a kan yarinyar na riga na yi mata illa. Na jira ta rama, wallahi da ta rama da na fi samun sauƙi.

Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, “Kwallin ma akwai a ciki?”

Na ce, “Akwai.”

Ta ce, “To, mu biyu ne.”

Na ce nawa ya fi yawa, nesa ba kusa ba, in nuna mata hoton. Ta ce ita ba ta tambaye ni awo ba. Ta ture mini kujera da ƙafa, ta ce in tashi daga ƙasa kada in danne yaro. A ranar na lura kwanon tanduna ba ya inda yake zama. Tun ranar da ta kawo mini haƙori ta haƙa rami a bayan gida ta binne duwatsun, ba ta jira sakamako ba. Na bi gidajen matan nan uku ɗaya bayan ɗaya na faɗi abin da ya kamata in faɗa, na kuma bi layin masu ɗinki ina gaya wa duk mai ciki. Wasu sun ji, wasu sun ce iyayensu sun ci ba abin da ya same su.

Namiji na haifa. Babbar yanzu ta shekara goma sha biyu, karatu har yau da ƙyar take jan shi, amma hannunta a allura ya fi nawa kyau, kuma ita ke zura mini zare tun da idona ya fara rauni. Shi kuwa surutu ne da shi kamar rediyo. An auna jininsa sau da yawa, likita ta ce ba laifi. Amma na riga na san jini labarin 'yan watanni kawai yake bayarwa. Duk ranar da na aike shi ya tsaya yana sosa kai, sai numfashina ya tsaya tare da shi, har sai ya tuna.

Makon jiya haƙorinsa na farko ya fita, a gidan Inna. Ta tako da sandarta har gidanmu, ta kwance bakin mayafi ta ajiye mini a tafin hannu. Ta ce, “Yana ta rigima sai ya jefa kan rufi. Na ce uwarsa ce za ta zaɓa.”

Kwana biyar yana cikin aljihun keke, a gurbin da kalaba take zama. Sau biyu ina fitowa da shi tsakar gida ina kallon kwano. Wurgi ɗaya ne, kuma ba wanda zai taɓa sanin abin da na rubuta a cikin ɗan abin nan, har ni kaina. Jiya na sa shi a ambulan, na ba maigida ya kai tasha. Ƙanina ya ce sati bakwai, kamar wancan karon.

Yau da safe yaron ya zo ya buɗe mini baki, yana tambaya ko sabon zai fito tunda ba a jefa tsohon ba. Na ce zai fito. Da ya tafi lekol na zauna a kan keke, sai na ji yawu yana taruwa a bakina, ƙamshin sabon tulu yana taso mini daga inda babu tulu. Shekara shida rabona da kalaba. Na ɗauki guntun zare na sa a baki ina tauna, na ci gaba da ɗinki.